Hattara Da Kurar Lantarki: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Raunin Ma'aikatan Sito

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai na ƙasar Dutse da kewayenta, da malaman ofishinsu masu riƙe da littattafan gunduma. Abin da mu ke so mu bayyana shi ne wani irin inji na ɗaukar kaya wanda a ke aiki da shi cikin manyan sito da masana'antu, da irin raunin da ya ke yi wa ma'aikata, da abin da doka ta tanada domin wanda ya ji rauni. Muna roƙo a karanta shi a tsanake, sa'an nan a bayyana wa Dagatai da masu unguwa a wurin taron wata, su kuma su kai maganar ga talakawa.

Daga Kan Ɗan Dako Zuwa Kan Inji

Dattawa ba su manta da zamanin gyaɗa ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta buɗe a 1930, ta ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, gyaɗar wannan yanki ta riƙa tafiya Kano, inda a ke jera buhunanta dala-dala. Ko wane buhu a kan mutum ya hau, a kan mutum kuma ya sauka. Ciwon ɗan dako na wancan lokaci sananne ne, watau ciwon wuya da na gadon baya, da faɗuwa daga bisa tsibin buhuna.

Dalar gyaɗa ta shuɗe, amma dako bai ƙare ba. Tun da aka kafa Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birninta, ciniki sai ƙaruwa ya ke yi. Shinkafa da riɗi da zoɓo da gero suna fita daga kasuwanni irin su Shuwarin da Sara da Gujungu da Maigatari, takin zamani da siminti da kayan masarufi kuwa suna shigowa tirela-tirela. An kafa injunan casar shinkafa, an gina sito masu daɓen siminti. Ban da wannan, samarin Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram su kan tafi cin rani masana'antun Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗansu har Ikko. A irin waɗannan wurare ne yaron da bai taɓa tura abin da ya wuce baro ba ya ke fara gamuwa da wannan inji, sau da yawa kuwa a makon farko na kama aiki.

Yadda Injin Ya Ke

Da fari sai a san katakon da a ke jera kaya a kai, wanda ma'aikata ke kira falet. Ɗan dandamali ne na katako ko na roba, mai sarari a ƙarƙashi. Ya yaɗu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojan Amurka su ka riƙa kwashe kayan yaƙi da shi. Irin wanda kamfanonin jirgin ƙasa na Turai su ka daidaita a 1961 yana da tsawon santimita 120, da faɗin santimita 80.

Injin kuwa wata irin kura ce gajera, mai yatsu biyu na ƙarfe a gaba, da batir a ciki, da dogon hannu a baya wanda mutum ke riƙewa yana tafe a ƙasa. A kan zura yatsun ƙarƙashin falet, a danna maɓalli, sai kayan su ɗagu daga ƙasa kamar taki guda. A murza wani maɓallin da babban yatsa, sai injin ya tafi gaba ko baya da ƙarfin kansa. A cikin wannan littafi za mu kira shi kurar lantarki. Ya bambanta da babbar motar ɗaga kaya wadda direba ke zama a kai, ya kuma bambanta da ƙaramar kurar hannu wadda a ke bugawa kamar famfo a ja ta da ƙarfin damtse.

Galibin kurar lantarki tana ɗaukar tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu. Buhun taki kilo 50 ne, sabo da haka tan biyu buhu 40 ke nan, nauyin da ya fi na ƙaramar motar shiga. Tafiyarta ta kan kai kilomita 6 cikin awa ɗaya, watau saurin mutum mai gaggawa. Ƙafafunta ƙanana ne, masu tauri, an yi su domin daɓe mai santsi kawai.

Masu ƙera ta sun sa mata abubuwan tsaro. In aka saki hannun ya miƙe sama, ko aka danne shi ƙasa sarai, birki ya kan kama. A kan hannun akwai wani babban maɓalli, galibi ja, wanda in ya bugi cikin mai tuƙi sai injin ya juya ya yi nesa da shi. Akwai kuma hon, da wani maɓalli na yanke wuta gaba ɗaya. Amma waɗannan duka ba su da amfani ga wanda ba a nuna masa su ba, ko kuwa in sun lalace an bar su haka.

Dalilin Da Ya Sa A Ke Raina Ta

Babbar motar ɗaga kaya tana da ƙara, tana da kujera da mabuɗi, kowa ya gan ta ya san aikin direba ce. Kurar lantarki kuwa ba ta wuce ƙugun mutum ba, ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Sai mai sito ya ɗauke ta tamkar baro, ya bar ta a bakin ƙofa, duk leburan da ya ga dama ya ja. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Mutum ya iya tare baro da ƙafa in ya kuɓuce masa, amma ba wanda zai tare buhu 40 da ƙafa, ko da ƙirji.

Irin Raunin Da Ta Ke Yi

Mafi yawa rauni ne na ƙafa. Mai tuƙi yana tafe gaban injin yana jansa, sai ya tsaya kwatsam don ya kauce wa wani, ko santsi ya kwashe shi, injin kuwa bai tsaya ba, sai ya hau diddigensa ko idon sawu. Wanda ya sa silifa ba shi da abin da zai kare shi. Ƙasusuwan tafin ƙafa ƙanana ne, suna da yawa, in sun farfashe su kan daɗe ba su warke ba, wani ma ya rage yana ɗingishi muddin rai. In kuwa agara ce ta tsinke, sai an yi aiki a asibiti.

Na biyu shi ne matsewa. Mutum yana ja da baya cikin lungu tsakanin tsibin buhuna, bai waiwaya ba, sai ya tarar bayansa ya jingina da bango ko da jikin mota, hannun injin kuwa ya danne masa ciki ko ƙugu. Wannan shi ne mafi haɗari, domin jini ya kan zuba a ciki ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Mutum ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba kome, da dare kuma a ɗauke shi ranga-ranga.

Na uku, zubewar kaya. In aka jera buhuna su ka yi tsawo, ko aka karkata su gefe guda, ko kuwa katakon ya ruɓe, da an sha kwana sai kayan su rufta wa na kusa. Tsibi mai tsawo kuma ya kan tare wa mai tuƙi gani, ya bi ta kan wanda ke tsugune yana ɗinkin buhu.

Na huɗu, faɗuwa daga dakalin lodi. A manyan sito a kan gina dakali daidai da tsayin bayan mota, a shimfiɗa faranti na ƙarfe tsakani. In ba a sa wa motar waigi ba ta gusa, ko aka shimfiɗa katako maimakon farantin da aka yi domin aikin, sai injin da kaya da mutum su auka ƙasa tare.

Na biyar, batir. Irin batir mai ruwa ya kan fid da wata iska mai kama wuta sa'ad da a ke cajinsa, ruwansa kuma ya kan ƙone fata, ya makanta ido. Irin na zamani marar ruwa shi ma ya kan kama wuta in ya fashe, ko in aka haɗa shi da abin cajin da ba nasa ba.

Abubuwan Da Ke Jawo Haɗari A Ƙasarmu

Babban sanadi rashin koyarwa ne. A kan nuna wa yaro maɓallin gaba da na baya, shi ke nan a ce ya iya. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. A Amurka, tun daga 1999 doka ta tilasta wa mai masana'anta ya koyar da duk wanda zai riƙe irin wannan inji, ya jarraba shi a wurin aikin, ya kuma sake duba iyawarsa ko wace shekara uku. Tamu Dokar Masana'antu ita ma ta hana a sa sabon hannu a kan inji mai haɗari sai an koya masa, ko kuwa yana ƙarƙashin kulawar wanda ya ƙware.

Sai lalacewar daɓe. Ɗan rami ko tsakuwa guda sun isa su tsai da ƙafar injin, kaya su ci gaba da tafiya. Ƙaiƙayin shinkafa da ƙwayar riɗi da man inji in sun zuba a kan siminti santsi gare su ƙwarai. Da damina ruwa ya kan jiƙa bakin ƙofa, da hunturu ƙura ta kan rufe gani, in an ɗauke wuta kuwa cikin sito ya yi duhu da rana tsaka.

Akwai kuma gaggawa. Tirela guda ta kan ɗauki buhu 600, ma'aikata kuwa sau da yawa gwargwadon abin da su ka sauke a ke biyansu, direba yana jira, sai a ɗora wa injin fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40, gajiya ta rage wa mutum lura. Waɗansu samari su kan sha ƙwayoyi irin su tramadol wai don su ƙara ƙarfi, alhali hankalinsu su ke ragewa. Waɗansu kuma su kan hau bisa yatsun injin abokinsu na ja, suna wasa.

Ka'idodin Da Ya Kamata A Bi

1. Kada kowa ya taɓa injin sai wanda aka koya wa, aka kuma rubuta sunansa. In an tashi aiki a zare mabuɗi.
2. Ko wace safiya a gwada birki da hon da jan maɓallin nan. In ɗaya bai yi ba, a jingine injin har a gyara.
3. A sa takalmi mai ƙarfe a baki. Mai wurin aiki shi ya kamata ya saya.
4. Mai tuƙi ya riƙa tafiya ta gefen hannun, kada ya sa ƙafafunsa daidai saitin injin, ya kuma dubi inda ya nufa kullum.
5. In za a shiga lungu ko bayan mota, kaya su fara shiga, mutum ya biyo baya, don kada ya sami kansa tsakanin inji da bango.
6. A gangare kada mutum ya tsaya ta ƙasan injin, kada kuma ya sha kwana a kai.
7. Kada a wuce nauyin da aka rubuta, kada kaya su tare gani, kada a ɗauki mutum.
8. A sa wa mota waigi kafin a fara lodi.
9. A yi cajin batir inda iska ke shiga, nesa da sigari da wuta da tsibin buhuna.
10. A shata hanyar inji dabam, ta masu tafiya a ƙasa dabam, a hana yara masu talla shiga cikin sito.

In Haɗari Ya Auku

A fara kashe injin, sa'an nan a janye shi daga kan mutum a hankali. In jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Wanda ya faɗo daga dakali yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako a ɗauka. In ruwan batir ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa har minti 20. Wanda aka matse a ciki ko ƙirji lalle a kai shi asibiti nan da nan ko da ya ce lafiyarsa lau, kada kuwa a ba shi abinci a hanya.

Mun sani jama'a sun saba da masu ɗori, ba kuwa nufinmu mu ci mutuncin kowa ba. Amma ƙafar da ƙarfe ya murƙushe ta kan kumbura ƙwarai, in aka ɗaure ta tam da karan ɗori jini ya kan daina zagawa, nama ya mutu, har ya kai ga yankewa. Sai a fara zuwa a ɗauki hoton ƙashi. Akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, in abin ya yi tsanani kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Takardar likita kuwa ita ce shaida ta fari wajen neman diyya.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokoki uku su ka shafi wannan magana. Ta fari Dokar Ƙwadago, wadda ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta.

Ta biyu Dokar Masana'antu ta 1987. Ta wajabta a ajiye akwatin taimakon farko, ɗaya domin ko wane mutum 150. Ta kuma ce in haɗari ya kashe ma'aikaci, ko ya hana shi aikinsa fiye da kwana uku, tilas mai masana'anta ya rubuta wa Sufeton Masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Ta uku Dokar Biyan Diyya Ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata da a ke kira NSITF ke gudanarwa. Ko wane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya a wata cikin asusun hukumar, ba shi da iko kuwa ya cire wannan kuɗi daga ladan ma'aikaci. Dokar ta haɗa da leburan wucin gadi, da mai koyon aiki, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Daga asusun a ke biyan kuɗin magani. Wanda ya naƙasa sarai har abada a kan ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa ko wane wata. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda ke dogara da shi, su ma kashi 90 ne rabonsu.

Amma akwai wa'adi, nan kuwa talakawa su ke yin hasara. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, zai sanad da mai wurin aiki cikin kwana 14. Shi kuma zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 daga aukuwar abin, in mutuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya sai a shigar da ita cikin shekara guda.

Ga misali. Yaro ya ji rauni a wani sito a Kano, manaja ya ba shi kuɗin mota da na magani, ya komo ƙauye ya kwanta wajen mai ɗori. Iyayensa su ka ce ƙaddara ce, su ka yi haƙuri. Bayan shekara biyu ƙafa ta ƙi taka ƙasa, noma ya gagara, sai a zo wurin Hakimi a kawo kuka. A lokacin ba takardar likita, ba wanda ya tuna ranar, abokan aikinsa sun watse. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana mutum karɓar hakkin da doka ta ajiye masa tun kafin ya ji ciwo.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Hakimi ba Sufeton Masana'antu ba ne, ba shi da ikon rufe sito ko cin tarar kowa. Amma shi ne uban ƙasa, masu dukiya suna jin nauyinsa, talakawa kuwa wurinsa su ke fara zuwa. Sabo da haka muna roƙon Hakimai abu huɗu.

Su san ko wane sito da injin casa da ke cikin gundumarsu, su kira masu su, su tambaye su ko sun yi rajista da hukumar diyya, da ko wa ya koya wa yaransu aikin inji. Su umurci Dagatai su gargaɗi masu tafiya cin rani, tun kafin su tashi, cewa kowa ya san cikakken sunan kamfanin da ya ɗauke shi, ya kuma sanad da gida. In an kawo sulhu gabansu, kada su bari a sa mai rauni ya dangwala hannu a takardar yafe hakkinsa don ɗan abin da aka ba shi, gama doka ba ta yarda da irin wannan yarjejeniya ba. In kuma sun ga haɗari yana maimaituwa a wuri guda, su rubuta wa Majalisar Sarki da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe littafi dabam domin raunin wurin aiki. Duk wanda aka kawo labarinsa, a rubuta sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensu da shekarunsa. Sunan wurin aiki da na wanda ya ɗauke shi. Rana da sa'a da inda abin ya auku. Irin injin da irin raunin. Sunayen mutum biyu da su ka gani. Asibitin da aka kai shi da lambar katinsa. Da ladan da a ke biyansa a rana ko a wata. Sa'an nan malam ya taimake shi rubuta takardar sanarwa ga mai wurin aiki tun kwana 14 ba su cika ba, a yi ta biyu, a sa kwanan wata, a ajiye ɗaya a ofis. A ƙarshen ko wane wata uku a haɗa jimla a aika tare da sauran rahoton gunduma.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa ko wace shekara ta sanadin haɗari da cututtukan wurin aiki. Ta kuma keɓe ran 28 ga Afrilu domin tunatarwa a kan lafiyar ma'aikata. Zai kyautu Hakimai su riƙa tara masu sito da shugabannin 'yan dako a wannan rana, a karanta musu ka'idodin nan goma da wa'adin nan uku, a ji kuma abin da ke damunsu.

Wannan inji alheri ne in an bi ka'idarsa, domin ya ɗauke wa ɗan dako nauyin da ya tanƙwara bayan kakanninsa. Abin da ya rage shi ne a koya wa yaranmu riƙe shi, wanda kuma tsautsayi ya faɗa wa a rubuta nasa tun da wuri. Allah ya kiyashe mu, ya ba Hakimai ikon riƙon amanar talakawansu, amin.